Anezina da Zakaran Cikin Rijiya

Duk wanda ya riski Kira Anezina a tsufanta ya san ta da abu biyu, murya da zakaru. Kira a wurinmu laƙabin girmamawa ne na mace, Kir kuma na namiji. In ta gaishe ka daga kan soronta, awakin da ke bayan ganuwa sai sun ɗago kai. Gidanta kuma cike yake da zakaru, ja da baƙi da wake-wake, ba abin da suke tsinana mata sai cin sha'ir da faɗa da cara, ba ta yankawa, ba ta sayarwa, ba ta kyauta da ko ɗaya. Yaran yanzu suna ce mata mahaukaciya. Iyayensu ba sa tankawa, sunkuyar da kai suke yi su bi ta wani lungun, kuma sun san abin da ya sa.

A tsohon gari aka haife ta, na bakin ruwa, wanda yau ba kowa cikinsa sai ƙadangaru. Tana 'yar mitsitsiya 'yan fashin teku suka sauka da jiragensu, suka kwashe rabin mutanen, abin da ba su iya ɗauka ba suka cinna masa wuta. Ba su ne na farko ba. A tekun nan namu duk wanda ya samu jirgi da ƙarti ya zama ɗan fashi, wasu da tutar jinjirin wata, wasu da tutar gicciye irin wanda ke rataye a cocinmu, kuma ko wanne ya kama ka, kasuwar bayi ce ƙarshenka. Waɗanda suka tsira suka ɗauki 'ya'yansu da hotunan waliyyai suka haura bayan dutse, inda ido ba ya kaiwa daga teku, suka gina Kirifti. Gidajen manne da juna, bangon bayansu shi ne ganuwa, soro haɗe da soro, ƙofar gari ɗaya tak.

Dattawa suka zauna suka ce ɓuya daga ido ba ta isa ba, sai an ɓuya daga kunne. Aka hana shafa farar ƙasa, aka hana hayaƙi in rana ta fito. Karnuka aka jefa su a teku. Ƙararrawar coci aka cire mata harshe aka naɗe ta da tsumma, in lokacin ibada ya yi sai Papa, limamin cocin, ya bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Jakuna aka ɗaura musu dutse a wutsiya, don jaki ba ya kuka sai ya ɗaga wutsiya. Awaki kaɗai aka ƙyale, tunda ko tsibirin da ba mutum akwai awaki. Har gaisuwa ta canja. In kuka haɗu a lungu sai ka ɗora tafin hannu a bakinka, shi ma ya ɗora, kun gaisa ke nan, kun kuma tuna wa juna.

Sai aka zo kan zakaru. Kowa ya ji labarin yadda 'yan fashi ke laɓewa a gindin tsibiri su kasa kunne, inda zakara ya yi cara nan mutane suke. Rana ɗaya aka yanka su kaf, aka ci nama har ya gunduri kowa. Da tafiya ta yi tafiya kaji suka yi ta kwanci a kan ƙwai, ƙwai yana ruɓewa, ba ɗan tsako ko na magani. Dattawan nan masu gemu har ƙirji suka sake zama, suka gano abin da kowace yarinya ta sani, cewa kaza ba ta ƙyanƙyasa da addu'a. Aka yanke shawara a ajiye zakara guda, na gari, a busasshiyar rijiyar da ke ƙarƙashin gidan uwar Lukis. Anezina ta auri Lukis, ta gaji rijiyar da zakaran daga surukarta.

Aikin ba shi da daɗi. Can ƙasan rijiyar akwai akurki mai gajeren rufi, an yi shi daidai yadda zakaran ba zai iya miƙe wuya ba, don zakara in bai miƙe wuya ba carar ba ta fitowa. A bakin rijiyar akwai murfin dutse, a kan dutsen bargon ulu. Matan gari su kawo kajinsu a kwando, Anezina ta sauka da tsani da 'yar fitila, ta zuba wa zakaran kaji, ta zauna cikin warin kashi da sanyi har ya gama hidimarsa. In ya tsufa a yanka shi a sa ɗansa, kuma kowanne sunansa Kyaftin. Ladarta ɗan tsako daga kowace ƙyanƙyasa. Sauran aikin shi ya jawo mata baƙin jini: ita ke zagaya gidaje tana duba 'yan tsaki, wanda zankonsa ya fara ja ta murɗe masa wuya kafin ya gwada muryarsa.

Faɗanta da maƙwabciyarta Zabeta kowa ya san shi, duk da ba wanda ya taɓa jin sa daga nesa, don a Kirifti har zagi da raɗa ake yi.

"Kira Anezina, wannan kaza ce. Na rantse da Budurwa Maryamu kaza ce."

"Kaza? Da zanko ya fi hular mijinki tsawo? Miƙo shi nan."

"'Yata ce ta raine shi, a ƙirjinta yake kwana. Ki ji tausayin yarinya mana."

"To ki dafa mata shi, yau ya kwana a cikinta."

"Allah ya isa, mayya kawai."

"Rage murya, 'yar banza. So kike kifaye su ji ki?"

Kada wani ya ce dole aka yi mata. Ta yarda da dokar har zuciyarta, ta fi dattawan da suka kafa ta yarda da ita. Ta ga yadda aka ja uwarta a kan yashi da gashin kanta, kuma ta riƙe cewa shiru ne ya hana a sake. Ranar da ta haifi 'yarta Floreza tsumma ta ciza har haƙoranta suka yi jini. Jaririyar na buɗe baki ta ɗora mata tafin hannu, in kukan ya ƙi sai ta sauka da ita rijiya ta ja murfi. Kafin Floreza ta iya tafiya ta iya kuka ba sauti, hawaye kawai da baki a buɗe, kuma matan gari suna yaba wa Anezina tarbiyya.

Lukis ya zame daga kan dutse wurin ɗiban ƙwan tsuntsayen teku, aka hauro da gawarsa a kan ƙyauren ƙofa. A wurinmu kukan mutuwa waƙa ce, mace ta kwance gashinta ta kira sunan mamaci ta lissafa halayensa, sauran mata su amsa, kuma wanda aka binne ba wannan an binne shi ne kamar jaki. Ranar jana'izar sai mai gadi ya hango farin ƙyallen jirgi can nesa. Papa ya karanta addu'a da motsin leɓe, aka tura ƙasa da hannu don kada shebur ya yi ƙara, Anezina ta haɗiye waƙarta gaba ɗaya. Jirgin ashe na 'yan kasuwa ne, ya wuce abinsa. Ta ce ba komai, gara a yi hattara.

Wanda ya riƙe ta a bakin kabari shi ne Kir Batista, shugaban dattawa, mai gonakin inabi da rumbun da rabin gari ke ci daga cikinsa in sanyi ya yi tsanani. Shi ya ɗauki Floreza a hannunsa ranar baftisma, don haka shi da Anezina suke kiran juna kumbaro da kumbara, dangantakar da muke cewa ta fi ta jini nauyi. Mutum ne mai taushin murya, ko da yake a garin nan wa zai gane. Lokaci-lokaci yakan ɗora wa jakinsa mai farin goshi salkunan giya da buhunan busasshiyar gurasa ya gangara da shi ta hanyar awaki zuwa Lungun Gishiri, wata 'yar kusurwar teku a gindin tsibirin, ya ce masuntan tsibirin maƙwabta yake sayar wa. Masunta dai ba sa shan giya da salka-salka, kowa ya san haka. Amma a garin da aka koya wa mutane rufe baki, rufe shi a kan wannan ma bai yi wa kowa wuya ba.

Floreza ta tashi doguwa, mai dariya da kafaɗa. Tana ƙarama takan kwanta ta manna kunne a murfin rijiya.

"Inna, yaya kukansa yake?"

"Mummuna ne. Tashi ki wanke hannu."

"Ke kin taɓa ji?"

"A tsohon gari. Kullum safiya, har ya ishe mu."

"Ɗan yi min kaɗan in ji."

"Floreza, zan ci mutuncinki."

Yarinyar ta ɗora hannu a baki, idanunta na dariya. Duk abin da Anezina ta murɗe da duk abin da ta haɗiye, don wannan 'ya ta yi shi, kuma ba ta ɓoye ba, takan faɗa wa Zabeta da raɗa cewa gara gari ya tsane ta da a ja 'yarta a kan yashi.

Ranar da abin ya faru lokacin shanyar ɓaure ne, rana ta ɗan karkata. Floreza da 'yan mata da wasu matan aure suna marmaro, ƙasa da ganuwa kaɗan, suna wankin ulu. Anezina na kan soro tana baza ɓaure. Soronta yana daidai saman ƙofar gari, daga nan kana ganin marmaro a hagu, kana ganin hanyar Lungun Gishiri a dama, amma wanda ke marmaro ba ya ganin hanyar saboda wani ƙaton dutse da ya tsaya tsakani.

Da farko Kir Batista ta gani, yana gudu ba hula, ba jaki, ya faɗo ƙofa ya yi wa mai gadi nuni da hannu. Sai ta ɗaga ido ta hango jakin. Yana tafe shi kaɗai, a natse, dutsensa na lilo a wutsiya, yana bin hanyar gida da ya saba bi shekara da shekaru. A bayansa layin ƙarti ne da takubba da bindigogi, gicciye a ƙirjin rigunansu. Ba neman hanya suke yi ba, ba kuma kunne suke kasawa ba. Sun saki jakin ne suna bin sa, wani ma yana cin gurasar Kir Batista yana tafe.

Ba ita kaɗai ta gani ba. Mata da yawa na kan soraye da nasu ɓauren, tsofaffi na zaune a inuwar ganuwa. Kowa ya gani, kuma kowa ya yi abin da aka koya masa: hannu ya tafi baki. Ƙararrawa ba harshe, kare babu. Mai gadi ya fara tura ƙofa a hankali, ƙofar da ake shafa wa man zaitun kowane mako don kada ta yi ƙara. Anezina ta dubi marmaro, ta dubi jakin. 'Yan matan sun fi kusa da ƙofa. Ihu ɗaya ya isa su yar da ulun su ruga, har da sauran lokaci.

Ta cika ƙirjinta da iska, ta buɗe baki, sai wani hannu ya rufe shi ta baya. Hannun na warin giya da zufa.

"Kumbara, shiru," in ji Kir Batista a kunnenta. "Don Allah shiru. Wataƙila su wuce."

Su wuce ina? Hanyar ba ta zuwa ko'ina sai ƙofar gari, shi ya fi kowa sani. Ta cije shi har ta ji ƙashi. Bai saki ba, maza biyu suka tsallako daga soron kusa suka danne ta, Papa da kansa ya cusa mata mayafinta a baki yana yi mata alamar gicciye a goshi. Suka riƙe ta fuskarta na kallon marmaro, don haka ba abin da ya wuce ta. Ta ga ƙartin sun zagayo dutsen. Ta ga Floreza ta miƙe da jiƙaƙƙen ulu a hannu, da ɗankwalinta rawaya wanda suka rina tare da ɓawon albasa. 'Yan matan suka juyo suka dubi ƙofar gari, suka gan ta a rufe. Ko su ba su yi ihu ba. Aka ɗaure su da igiya ɗaya, 'yan fashin na duban juna suna dariya, don ba su taɓa kama mutane cikin sauƙi haka ba. Suka ɗan daddaki ƙofar, suka ga ba ta cancanci wahala ba, suka kora awaki da jakin da 'ya'yan mutane suka gangara.

Da aka cire mata mayafin ta fara kokawa tana neman ƙofa, sai aka ce ta fita hayyacinta, za ta jawo wa gari bala'i. Suka zura ta cikin rijiyarta, suka janye tsani, suka ja murfi, suka shimfiɗa bargo. Ita ta nuna musu ingancin wurin shekara da shekaru, sun kuwa amfana da shi. Nan ta kwana tare da Kyaftin, tana dukan bango har fatar hannunta ta saɓule.

Washegari da hantsi aka fito da ita, aka kai ta farfajiyar coci inda gari ya taru. A nan ta ji cewa 'yan fashin sun ɗaga farar tuta, yadda sukan yi in suna son a zo fansa, kuma Kir Batista ya gangara shi kaɗai a madadin kowa. Ya dawo da 'yar ƙanwar matarsa. Ya kuma dawo da jakinsa, ga shi can ɗaure a gindin zaitun yana cin ciyawa. Sauran, in ji shi, shugaban jirgin ya ƙi ko sauraro, kuma yanzu haka suna shirin tashi.

Ya tsaya da hannunsa naɗe da farin ƙyalle, ya yi magana da raɗarsa mai daɗi, mutane na miƙa wuya don su ji. Ya ce ya tambayi shugaban jirgin yadda aka yi suka gano gari, mutumin ya ce cara suka ji. Ya ce ba ya zargin kumbararsa da mugunta, mace ce ita kaɗai, murfin dutse na da nauyi, mantuwa kuma ta ɗan Adam ce. Dattawa sun yanke a yanka zakaran, a mayar da aikin hannun Zabeta, Anezina kuma ta sumbaci hoton Budurwa ta nemi gafarar iyayen da suka rasa 'ya'yansu.

"Cara?" in ji Anezina.

Da cikakkiyar murya ta faɗa. Tun da aka aza tubalin Kirifti ba a taɓa jin irinta ba, wata yarinya ta fashe da kuka don tsoro, hannuwa suka tashi zuwa baki ko'ina a farfajiyar.

"Kumbara, don girman Allah..."

"Kada ka sake kira na kumbara, munafuki! Cara ka ce? Ku tsaya nan, kada wanda ya motsa."

Ta tafi ta dawo da Kyaftin a hammata, ta dire shi a tsakiyar fili. Zakaran bai taɓa ganin rana ba. Ya runtse ido, ya durƙushe, wuyansa a lanƙwashe yadda akurki ya bar shi, ƙafafunsa na rawa.

"Ga ɓarawon nan. Ku sa shi ya yi cara. Papa, yi masa addu'a ya yi. Kai mai gemu, taɓa shi mana. A cikin duhu aka ƙyanƙyashe shi, ubansa bai yi cara ba, kakansa bai yi ba, ni na tabbatar da haka da hannun nan nawa. Kuna so in nuna muku wanda ya kawo su? Ga shi can yana cin ciyawa, kun ɗaura masa dutse a wutsiya kun manta ƙafafunsa sun san hanya. Shekara nawa mutumin nan yana shayar da su giya a Lungun Gishiri? Shekara nawa sun san muna nan, mu muna binne mazanmu kamar ɓarayi?"

Ba wanda ya dubi jakin. Wallahi ba wanda ya dube shi, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Ke Zabeta. Taki 'yar, wadda na kashe wa ɗan zakaranta, tana cikin jirgin nan tare da tawa. Kina kan soro kusa da ni jiya. Faɗa musu abin da kika gani."

Zabeta ta daɗe tana murɗa bakin mayafinta. Tana da sauran 'ya'ya ƙanana, miji gurgu, sanyi kuma na tafe, rumbu kuma ɗaya ne a garin.

"Ni dai ban ga komai ba," ta raɗa. "Amma kamar na ji cara."

Anezina ta tofa yawu a gaban Kir Batista, ta tofa a gaban Papa, ta dubi Zabeta ta fasa tofawa. Ta sunkuci zakaranta ta nufi ƙofar gari. Tsoho Frangulis mai gadi ya tare ta.

"Kira, an ce kada in buɗe wa kowa."

"Buɗe, ko in yi ta kiran sunanka har 'yan fashin su haddace shi."

Ya buɗe.

Ba ta bi hanyar Lungun Gishiri ba, ta san ba za ta cim musu ba. Ta yanke ta cikin ƙaya zuwa kan tsaunin da ya leƙa bakin lungun, inda dole kowane jirgi ya ratsa ta gindinsa kafin ya fita teku. Takalminta ɗaya ya cire ta bar shi. Tana isa jirgin na tahowa a hankali, masu tuƙi na ja, kusa ƙwarai har tana ganin fuskoki. Kamammun suna zaune a tsakiya cikin awaki, kawunansu a ƙasa. Ga rawayan ɗankwali.

Ta ɗora Kyaftin a kan dutse, ta kama wuyansa da hannu biyu tana ƙoƙarin miƙar da shi.

"Yi mata. Sau ɗaya kawai, ɗan banza, ta daɗe tana so ta ji. Yi mata!"

Zakaran ya zame ya cusa kai ƙarƙashin zanenta yana neman duhu. Sai ta miƙe tsaye a bakin tsaunin, ta yar da mayafi, ta kwance gashinta, ta kira sunan 'yarta. Na farko ya fito a shaƙe kamar na mai mura. Na biyu ya tsage maƙogwaronta. Daga nan komai ya biyo, ihun naƙudar da ta cije a tsumma, waƙar Lukis da ta haɗiye, na jiya da aka danne mata, duk suka fito da suna ɗaya, duwatsun lungun na mayar mata da shi. Tsuntsaye suka tashi. Ƙartin jirgin suka ɗago suna nuna ta suna ƙyalƙyala dariya, wani ya ɗaga mata salkar giya.

Floreza ta ɗago kai. Ta miƙe da ƙyar saboda igiya, ta dubi sama, ta ga uwarta tsaye a fili, ba mayafi, tana ihu a gaban bindigogi. Anezina ta yi shiru ta kasa kunne. Kalma ɗaya take jira. Ko "Inna" ce kawai, ta ji muryar 'yarta a buɗe sau ɗaya a duniya, ta san yadda take, ta tafi gida da ita.

Floreza ta ɗaga hannuwanta biyu a ɗaure, ta ɗora tafi a bakinta, ta danna.

Ko gaisuwa ce, ko cewa take yi Inna yi shiru za su ji ki, ba mai iya rabewa, don a Kirifti abu ɗaya ne. Anezina ta yi ta girgiza kai tana ihu, "Cire! Cire hannun! Yi magana!" Yarinyar ba ta cire ba. Tana tsaye a haka, 'ya mai tarbiyya, har jirgin ya zagaya tsaunin, kuma Anezina ta san sarai wanda ya fara ɗora hannu a kan bakin nan.

Ba a sake jin labarin Floreza ba. Wasu sun ce an ga mai kama da ita a wata kasuwa a yamma, wasu sun ce a kudu, duk zancen matuƙa ne. Anezina ta dawo gari da zakaranta, ta wuce kai tsaye kabarin Lukis ta yi masa waƙarsa tun daga farko, ita kaɗai, ba mai amsawa. Ta cike rijiyar da duwatsu. 'Yan tsakin da suka fito a shekarar ta bar su suka yi zanko, suka hau soro, suka gwada murya. Dattawa sun zo mata sau da dama, kowane zuwa ta tarye su a ƙofa tana tambayar lafiyar jakin Kir Batista da muryar da ake ji har marmaro, sai suka daina zuwa. Kir Batista ya mutu a gadonsa, da tabon haƙoranta a hannu, aka yi masa jana'izar girma. 'Yan fashi sun sake zuwa, kamar yadda suke zuwa kowane tsibiri, mai zakara da marar zakara. Shi kuwa Kyaftin ya ƙare kwanansa a kan soro cikin 'ya'yansa masu cara, a lungun da ya fi duhu, bai taɓa buɗe baki ba.

An mayar wa ƙararrawa harshenta tun tuni, an shafa wa gidaje farar ƙasa, amma gaisuwar ta zauna, yara na yin ta ba su san mafarinta ba. In wata yarinya ta haɗu da tsohuwar a lungu ta ɗora hannu a baki don ladabi, Anezina takan cafke hannun ta fizge shi ƙasa da ƙarfi har ya yi ja.

"Da baki ake gaisuwa. Ce ina kwana."

"Ina kwana, Kira."

"Ban ji ba."

"Ina kwana!"

"Ƙara. Wa ya ce ki rage? Ƙara, 'yar nan, ban ji ba."